Karatun mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa: me ake koyo a digiri na biyu?

Shin mai ba da shawara shi ne likitan ƙwaƙwalwa?

A'a. Likitan ƙwaƙwalwa ya yi shekara shida yana karatun likitanci, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Shi ke rubuta magani, shi ke kwantar da mara lafiya. Mai ba da shawara kuwa ba ya rubuta ko ƙwaya ɗaya. Aikinsa ya zauna da mutum, ya saurare shi, su warware damuwar tare har mutumin ya ga hanya da kansa.

Ta wace ƙofa ake shiga a Najeriya?

Ƙofa biyu ce. Ta farko tana tsangayar ilimi, inda ake yin digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Wannan karatun ya fi karkata ga makarantu: zaɓen sana'a, fargabar jarrabawa, tarbiyyar matasa. Ta biyu ita ce ta wanda ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam tun digiri na farko, sai ya ɗora da na biyu a ɓangaren asibiti, kamar yadda ake yi a Jami'ar Jos. Wanda burinsa shi ne aiki da masu ciwon damuwa ko shaye-shaye, ya tantance wannan bambanci kafin ya sayi fom.

Ai kowa ya iya nasiha. Me za a koya wa mutum har shekara biyu?

Abu mafi wuya da ake koya shi ne riƙe baki. Mun taso a inda da zarar mutum ya fara kukansa, sai mu tare shi da "yi haƙuri, wani ya fi ka". Da zuciya ɗaya muke faɗa, amma sau da yawa nan maganar take mutuwa, mutumin ya haɗiye sauran ya tafi da shi gida.

Ga yadda darasin yake a aji. Ɗalibai uku za su ja kujeru: ɗaya ta zama matar da aka yi wa kishiya barci ya ƙaurace mata, ɗaya ya zama mai ba da shawara, na uku ya riƙe biro yana lura. Ana naɗar muryarsu a waya. Ba a minti biyu ɗalibin zai ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne." Sai malami ya tsayar da muryar ya tambaye shi: "Ta gaya maka abin da ke hana ta barci? Kishiyar ce, ko kuɗin makarantar yara da aka daina biya?" Bai sani ba, don bai bari ta kai wurin ba. Haka za a maimaita har ya iya cewa "ci gaba, ina jin ki", ya kuma iya jure shirun da ke biyo baya.

Carl Rogers, Ba'amurken da ya yi tasiri sosai a fannin, ya bayyana tun 1957 cewa sai mai ba da shawara ya ji abin kamar yadda mai shi ke ji, ya karɓe shi ba tare da yanke masa hukunci ba, kuma ya kasance mai gaskiya. Ana kuma koyar da hanyar Aaron Beck, wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, ta bin diddigin tunanin da ke jefa mutum cikin ƙunci, da amfani da ma'auni irin PHQ-9, takarda mai tambayoyi 9 da ake auna tsananin ciwon damuwa da ita, da riƙon sirri, da sanin lokacin da dole a fasa sirrin, wato idan rai na cikin haɗari.

Zaman aji kaɗai ya isa?

Bai isa ba, kuma a ganina nan ne ɗalibi ya kamata ya fi sa ido. A Amurka, hukumar CACREP da ke tantance irin wannan karatu tun 1981 ta shardanta awa 100 na gwajin farko da awa 600 na koyon aiki, ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Bayan kammalawa ma, yawancin jihohi sai mutum ya ƙara awa 2,000 zuwa 3,000 ana duba aikinsa kafin ya sami lasisi. Don haka kafin ka shiga kowace jami'a a nan, tambayi waɗanda suka gama: ina aka tura ku koyon aiki, mako nawa, kuma wa ya zauna ya saurari yadda kuka yi da mutane? Sa hannu a takarda ba kulawa ba ce.

Karatun da Turanci ake yi, masu zuwa kuma Hausa suke ji. Yaya ke nan?

Wannan aiki ne da ɗalibi zai ɗauka da kansa. Da wuya Bahaushiya ta zo ta ce tana da ciwon damuwa. Abin da za ka ji shi ne "ƙirjina ya yi nauyi", "tunani ya yi mini yawa", "kaina kamar zai tsage". A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya gina shirinsa na horar da kakanni mata su saurari mutane a kan benci bisa kalmar Shona da ke nufin yawan tunani, don ita mutane suka sani. Ɗalibi ya riƙe littafi yana rubuta kalmomin da ya ji daga bakin mutane, zai fi amfanarsa a ɗakin aiki fiye da haddar ma'anoni.

Idan iyali suka ce aljanu ne, suna son ruƙiyya fa?

Ba a horar da kai don ka yi musu da imanin mutane. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya sauke marasa lafiya tare da danginsu a gidajen ƙauyukan da ke kusa da asibitin Aro a Abeokuta, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Abin da ake so ka gane shi ne iyakarka. Matashin da ya kwana uku bai runtsa ba yana jin muryoyi, ko mai jegon da ta daina gane jaririnta, ko wanda ke zancen kashe kansa, asibiti za a kai su ranar, ba sai gobe ba. Malam ya yi addu'arsa, likita ya yi aikinsa, kuma kada a ɗaure kowa da mari.

Doka ta san da wannan sana'a?

Ta sani. Ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, tana nan tun 1976, kuma a 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu aikin rajista. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Wuraren aiki kuwa sun haɗa da makarantu, cibiyoyin gyaran masu shan kodin da taramol, da ƙungiyoyin agaji da ke kula da 'yan gudun hijira a Borno, Yobe da Adamawa, inda mai jin Hausa ko Barbarci yake da fifiko a kan wanda sai an yi masa tafinta.