Motoci Masu Tuƙa Kansu a Birtaniya: Abin da Doka ta Ce da Abin da Ake Jingina Mata

Kwana da kwanaki wani saƙon murya yana yawo a zaurukanmu na WhatsApp. Mai maganar yana rantsuwa cewa a Ingila an yi doka, mutum na iya kwantar da kujera ya yi barcinsa mota na tafiya, kuma ko ta buge wani babu wanda za a kama. Wani saƙon kuma cewa yake yi an gama da direbobin haya, kowa ya nemi wata sana'a. Da na so in ƙyale, amma makon jiya wani ƙanena da ke aikin tuƙi ya ɗauko ni, muna kan babban titi da gudu sai na ga ya saki sitiyari ya ɗauki waya yana duba saƙo. Motar tana riƙe da layinta, tana rage gudu da kanta idan ta kusa ta gabanta. Na ce masa ya mayar da hannu. Ya ce, "Haba Yaya, ai yanzu doka ta yarda." Gabana ya faɗi, domin da zuciya ɗaya ya faɗa, ya yarda da abin da ya ji.

Dokar da ake magana a kai tana nan, gaskiya ne. Sarki Charles na Uku ya amince da ita ranar 20 ga Mayu, 2024, bayan hukumomin gyaran dokoki na Ingila da Wales da na Scotland sun shafe shekaru suna nazari, suka miƙa rahotonsu a Janairun 2022. Ta shafi kamfanonin da ke ƙera fasahar, da masu gudanar da motocin haya marasa direba, da mutumin da ke zaune a kujerar direba. Sai dai abin da ta ƙunsa ya yi hannun riga da abin da saƙon muryar ke faɗa.

Kuskure na farko, kuma shi ne mai iya kashe mutum, shi ne ɗaukar kowace mota mai wayo a matsayin mai tuƙa kanta. A idon doka, mota ba ta zama mai tuƙa kanta don kamfani ya raɗa mata suna mai daɗi ko don tana iya riƙe layi. Sai gwamnati ta gwada ta, ta gamsu cewa tana iya tafiya lafiya bisa ƙa'ida ba tare da wani yana sa mata ido ba, sannan ta ba ta izini. Ma'aunin da dokar ta gindaya shi ne kada amincinta ya gaza na direba ƙwararre mai kula. A ranar da aka sa wa dokar hannu, babu mota ko ɗaya a jerin gwamnati na motoci masu tuƙa kansu. Autopilot, tsarin tuƙin da ke cikin motocin Tesla, mataimaki ne kawai. BlueCruise na Ford, wanda aka amince da shi a 2023 har ana iya sakin sitiyari a wasu manyan tituna, shi ma mataimaki ne, shi ya sa akwai kyamara da ke bin idon direba, da ya kau da kai daga titi za ta yi masa gargaɗi. A irin waɗannan motoci kai ne direba ɗari bisa ɗari. A dokar Birtaniya, wayar da ƙanena ya ɗauka tarar fam 200 ce da makin hukunci 6 a kan lasisi. Da kuwa an yi rashin sa'a ya kashe wani, hukuncin kisa ta hanyar tuƙin ganganci yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai tun daga 2022.

Saboda wannan ruɗanin ne dokar ta taɓo talla. Ta tanadi cewa laifi ne kamfani ya tallata mota da kalmomin da za su sa mai saye ya zaci tana tuƙa kanta alhali ba ta da izini, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 2. A ganina wannan sashe ya makara ma, domin sunayen sun riga sun zauna a kunnen mutane.

To, idan mota ta samu izinin fa? Dokar ta raba su gida biyu. Akwai wadda ba ta buƙatar kowa a kujerar direba, duk wanda ke ciki fasinja ne, kuma dole wani kamfani mai lasisi ya riƙa kula da tafiyarta daga nesa. Akwai kuma wadda ke tuƙa kanta a wani yanki na tafiya kawai, kamar kan babban titi, wadda dole a samu mutum a bayan sitiyari. Wannan mutumin, bari mu kira shi mai jiran sitiyari, a kansa ne yawancin jita-jitar ta taso.

Gaskiya ne dokar ta ba shi kariya. Muddin motar ce ke tuƙi, ba za a tuhume shi da yadda aka yi tuƙin ba. Idan ta tsallake jar danja, ko ta wuce ƙa'idar gudu, ko ta goge wata mota, ba shi za a tambaya ba. Amma kariyar iyakarta ke nan. Dole ya kasance yana da lasisi, ba ya cikin maye, kuma motar tana da inshora da ƙoshin lafiya. Ɗaure kaya da kyau da sa wa yara bel duk suna wuyansa. Kundin ƙa'idojin hanya, tun gyaran da aka yi masa a 2022, ya yarda ya kalli abu a allon da ke jikin motar, saboda allon zai katse da zarar an buƙace shi, amma riƙe waya a hannu yana nan a haramcinsa. Barci kuwa ba ya cikin lissafi, domin sharaɗin zamansa a kujerar shi ne ya kasance a shirye ya karɓa.

Nan ne wurin da ya fi rikitarwa, kuma nan na fi son mai karatu ya tsaya. Idan motar ta tarar da abin da ya fi ƙarfinta, misali hazo ya rufe hanya, ko aikin gyaran titi ya shafe layuka, ko an zo ƙarshen yankin da aka ba ta izini, za ta yi kira ga mai jiran sitiyari da ƙara da haske da girgiza. Daga wannan kira akwai ɗan lokaci da aka ware masa ya tattara hankalinsa. A cikin wannan tazara motar ce har yanzu ke da alhaki. Da zarar lokacin ya cika, alhakin tuƙi ya dawo kansa, ko ya kama sitiyarin ko bai kama ba. Wanda ya yi barci har kiran ya wuce shi ba zai ce wa alƙali motar ce ke tuƙi ba. Dokar ba ta faɗi adadin daƙiƙoƙi ba, ta dai ce lokacin ya zama isasshe, kuma motar ta iya kare kanta idan ba a amsa ba. Amma ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kan na'urar riƙe layi ta yi maganar daƙiƙa 10 kafin mota ta fara rage gudu don tsayawa.

Ka ƙirga goma a zuciyarka. Mutum ya yi rabin awa idonsa na kan allo, doka ce ta ba shi dama, sai ƙara ta tashi. Ya ɗago kai, ya gane layin da yake, ya duba madubi, ya fahimci me ya tsorata motar, ya yanke shawara, duk a gudun mil 60 ko 70 a awa. Ni dai ban gamsu cewa an yi wa wannan mutumin cikakken adalci ba. An ce masa ya huta, sannan an miƙa masa tuƙi a daidai lokacin da tuƙin ya fi wuya. Duk da haka na fahimci abin da masu dokar ke gudu. A Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da kekenta. Ba a gurfanar da kamfanin da laifi ba, ma'aikaciyar da ke zaune a kujerar direba ce ta fuskanci shari'a. Dokar Birtaniya ta yi ƙoƙarin shata layi ƙarara don kada ƙaramin mutum ya riƙa ɗaukar kayan babba.

Sai batun cewa "babu wanda za a kama". Wanda mota mai tuƙa kanta ta ji wa rauni ba zai bi kamfanin manhaja kotu-kotu ba. Tun a wata doka ta daban da aka yi a 2018 aka tsara cewa kamfanin inshorar motar ne zai biya shi diyya kai tsaye, daga baya shi kamfanin inshorar ya bi wanda ya jawo matsalar. Mai motar da ya yi wa manhajar katsalandan, ko ya ƙi sabunta ta alhali ya san sabuntawar ta shafi aminci, yana iya rasa nasa haƙƙin. Kowace mota mai izini kuma dole ta kasance da kamfanin da ya tsaya mata, wanda gwamnati za ta iya ci tara, ta tilasta masa gyara ko biyan waɗanda abin ya shafa, ko ta janye izinin baki ɗaya.

Ɗauri yana shigowa ne idan an yi ƙarya. Kamfanin da ya ba hukuma bayanan bogi kan amincin motarsa, ko ya ɓoye abin da ya kamata ya bayyana, ya aikata laifi, kuma ba kamfanin kaɗai ba, har jami'in da ya sa hannu da manyan shugabannin da suka san da maganar. Hukuncin yana kaiwa shekara 5, idan kuma ɓoyewar tana da alaƙa da mutuwa ko mummunan rauni, shekara 14. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, idan kamfani bai yi ƙarya ba, motarsa ce kawai ta yi kuskure ta kashe mutum, mai yiwuwa babu wanda zai tsaya gaban alƙali. Hujjar masu dokar ita ce tsoron kurkuku yana sa injiniyoyi su ɓoye kuskure, shi ya sa ma aka tanadi masu bincike na musamman da aikinsu gano musabbabi ne, ba ɗora laifi ba, kamar yadda ake yi a haɗarin jirgin sama. Hujjar tana da ƙarfi. Amma uwar da aka kashe wa ɗa za ta ji ta da nauyi.

Game da direbobin haya, dokar ba ta soke lasisin kowa ba, ba ta kuma sa ranar daina aikinsu ba. Abin da ta yi shi ne buɗe hanyar ba da izini ga motocin fasinja marasa direba, kuma irin na tasi sai da amincewar hukumar yankin da ke ba da lasisi, a Landan kuwa hukumar sufurin birnin. A Yunin 2025 gwamnati ta sanar cewa za a fara ƙananan gwaje-gwaje daga bazarar 2026, cikakken aiwatar da dokar kuma sai rabin ƙarshe na 2027. Kamfanin Wayve mai ƙera fasahar tuƙa kai tare da Uber, da kuma Waymo mai motocin haya marasa direba, sun bayyana niyyarsu ta shiga Landan. Fargabar direbobi ba ta banza ba ce, kuma gwamnatin da ke alfahari da hasashen guraben aiki 38,000 nan da 2035 ba ta sa komai a dokar ba game da makomar wanda ke ciyar da iyalinsa da sitiyari. Wannan giɓi ne na gaske, ya kamata ƙungiyoyin direbobi su matsa a kansa tun yanzu da ake rubuta ƙananan ƙa'idojin aiwatarwa.

Ƙanena kuwa, da muka tsaya shan mai na sa ya ciro littafin motarsa daga aljihun gaba. Muka buɗe shafin da ke bayanin na'urar, ga shi nan a rubuce cewa direba ne ke da alhakin motar a kowane lokaci, kuma kada ya cire hannu daga sitiyari. Ya karanta sau biyu, ya jefa wayar cikin aljihun tare da littafin, muka kama hanya.