Shahidan Uganda

Shahidan Uganda Kiristoci ne 45, ’yan Katolika 22 da ’yan Anglikan 23, waɗanda aka kashe tsakanin 1885 da 1887 bisa umarnin Kabaka Mwanga na Biyu, sarkin Buganda, wata masarauta da ke cikin Uganda ta yau. Yawancinsu samari ne masu hidima a fada, kuma ƙaraminsu, Kizito, yana da kimanin shekara 14.

Tarihi

’Yan mishan na Anglikan sun isa Buganda a 1877, na Katolika kuma a 1879, a zamanin Mutesa na Ɗaya. Da Mwanga ya gaji mahaifinsa a 1884, sai ya ga barorinsa sun fara fifita umarnin Allah a kan nasa, ga shi kuma Turawa suna ta matsowa kusa da ƙasarsa. A Oktoban 1885 ya sa aka kashe Bishop James Hannington a Busoga, yankin da ke maƙwabtaka da Buganda. Joseph Mukasa Balikuddembe, babban bafade ɗan Katolika, ya faɗa wa sarki gaskiya a kan jinin wannan baƙo ɗan Anglikan, aka fille masa kai ranar 15 ga Nuwamba. An ruwaito cewa kafin mutuwarsa ya aika wa sarki cewa ya yafe masa, amma ya buƙace shi da ya tuba.

Kisa mafi muni ya faru a Namugongo, kusa da Kampala, ranar 3 ga Yuni, 1886, inda aka naɗe samarin cikin asabari aka cinna musu wuta, ’yan ɗariku biyun a haɗe, shugabansu Charles Lwanga kuwa aka ƙone shi daban. Ranar ta zo daidai da idin hawan Yesu sama, abin da Kiristoci ke ɗauka a matsayin ƙarfafa begensu na tashin matattu.

Masana sun saɓa a kan dalilin kisan: wasu sun fi jingina shi ga siyasa, wasu ga ƙin da samarin suka yi wa buƙatun sarki na lalata.

Sulhu

Jinin da ya haɗu a Namugongo bai hana ɗarikun biyu gwabza yaƙi a Mengo, babban birnin Buganda na lokacin, a 1892 ba, abin takaici ƙwarai. Sai dai lokacin da Paparoma Paul na Shida ya ayyana ’yan Katolikan a matsayin tsarkaka ranar 18 ga Oktoba, 1964, ya karrama ’yan Anglikan ɗin a jawabinsa, kuma ya ziyarci Namugongo a 1969. Mwanga kansa ya karɓi baftisma a tsibiran Seychelles, inda Ingila ta kai shi gudun dole, ya rasu a can a 1903.

Ranar 3 ga Yuni hutu ce a Uganda, kuma masu ziyara da yawa kan isa Namugongo a ƙafa.