Koyar da bayanau da kalmomin dangantaka na Turanci ga ƙananan yara

Bayanau da kalmomin dangantaka, waɗanda malaman Turanci ke ce wa adverb da preposition, biyu ne daga cikin rukunan kalmomi takwas da aka saba koya wa yara tun suna firamare. Bayanau shi ne ke ƙara haske kan aikatau ko sifa ko wani bayanau ɗan uwansa, ya faɗi yadda aka yi abu ko yaushe ko a ina, kamar slowly da yesterday da here. Kalmar dangantaka kuwa ƴar ƙarama ce, tana shiga gaban suna ta nuna alaƙarsa da sauran jimlar, irin su in, on, under, with. Yawanci ana koyar da su kusa da juna saboda kalma ɗaya tana iya zama wannan a wata jimlar ta koma wancan a wata, kuma nan ne yara suka fi rikicewa.

Tarihi

Rabon nan na takwas ba daga Turanci ya samo asali ba. Daga Girkawa ya fito, a wani ɗan littafin nahawu da ake danganta wa Dionysius Thrax na birnin Iskandariya, wajen ƙarni na 2 ko na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, kodayake masana na ja kan ko shi ne ya rubuta shi duka. Tun a can an riga an ware bayanau daban, kalmar dangantaka daban. Rumawa suka ɗauka suka gyara shi ya dace da Latin, a ƙarni na 4 kuma Donatus, wani malami a birnin Rum, ya tsara shi da sigar tambaya da amsa musamman don masu fara karatu, malam ya ce mene ne bayanau, yaro ya kawo amsar da ya haddace, kuma a haka aka yi ta karantar da yaran Turai kusan shekara dubu, wanda ya sa har yau haddar ma'ana ta ƙi barin ajin nahawu.

A Ingila ma nahawun Latin aka daɗe ana koyarwa kafin a waiwayi Turancin kansa. Littafin William Lily, wanda sarki Henry na Takwas ya sa ya zama na makarantu wajajen 1540, na Latin ne. Sai a 1586 William Bullokar ya fitar da abin da ake ɗauka a matsayin nahawun Turanci na farko, shi ma ɗin awon Latin ya bi. Wannan ya jawo matsala da ta shafi kalmomin dangantaka kai tsaye, don a Latin ba a barin su a ƙarshen jimla, amma Turanci tun da can yana barin su, kamar a ce Who are you talking to? A 1672 marubucin nan John Dryden ya soki wannan salo a rubutun wani magabacinsa. Robert Lowth a nasa nahawun na 1762 bai haramta ba, cewa ya yi Turanci na da sha'awar yin haka amma a rubutu mai nauyi saka su a gaba ya fi, sai dai waɗanda suka zo bayansa suka maida shawarar doka. Lindley Murray, haifaffen Amurka da ya zauna kusa da York, ya rubuta nasa a 1795 don wata makarantar ƴan mata, littafin ya bazu sosai a Ingila da Amurka, aka yi ta sake buga shi shekara da shekaru. Gaskiya abin takaici ne yadda aka daɗe ana jan layin ja a littattafan yara kan jimlar da babu laifin komai a cikinta.

A 1877 wasu malamai biyu a Amurka, Reed da Kellogg, suka yaɗa zanen jimla a kan layuka, inda bayanau ke rataye a ƙarƙashin kalmar da yake bayani a kanta.

Yadda ake koyarwa

Abin da ya kamata malami ya fara sani shi ne yaro na amfani da waɗannan kalmomi tun kafin ya ji sunansu. Binciken Roger Brown da aka buga a 1973 kan yara uku masu tasowa da Turanci ya nuna in da on na cikin guntayen nahawu na farko-farko da suke kamawa. Shi ya sa kalmomin wuri sun fi shiga idan aka yi su a aikace. Malama ta ɗora kwali a kan teburi ta miƙa wa yaro fensir ta ce Put it in the box, ya saka, ta ce under the box, sai ka ga ya tsaya yana kallon kwalin, can ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya tura fensirin ƙasa, sauran ƴan aji suna ta nuni suna gyara masa. Wanda ya ɗaga kwali da hannunsa da wuya ya manta under. Wannan salo na ba da umarni ana amsawa da jiki James Asher ne ya tsara shi a shekarun 1960.

Kalmomin lokaci sun fi wuya tunda ba abin da za a taɓa, sai a koya su rukuni-rukuni, at ga ƙarfe nawa, on ga rana, in ga wata da shekara. Masu koyon Turanci a matsayin harshe na biyu nan suke daɗewa, don zaɓin sau da yawa al'ada ce kawai, ana cewa on the bus amma in the car, kuma gara yaro ya haddace gaɓar gaba ɗayanta da a ce sai ya nemo dalili.

Shi bayanau yawanci da ɗafa-ƙeyar ly ake fara shi, quick ya zama quickly, a sa yara su yi tafiya slowly ko su yi magana quietly. Hanyar na da sauƙi amma ita ce ke haifar da kuskuren da ya fi yawa, yaro ya ɗauka duk abin da ya ƙare da ly bayanau ne, alhali friendly da lovely sifa ne, su kuma fast da soon da very bayanau ne ba tare da ly ba. Ya fi kyau a saba masa da tambayar aikin da kalmar ke yi, ta yaya, yaushe, a ina.

Wajen bambance bayanau da kalmar dangantaka ana amfani da jimla biyu. A She fell down babu suna bayan down, to bayanau ne a rabon gargajiya. A She ran down the road ga the road nan a bayansa, ya zama kalmar dangantaka.

A manhajojin makarantu

A manhajar Ingila ta 2014 ana gabatar da bayanau mai ly a aji 2, kalmomin dangantaka a aji 3, sai gaɓar bayanau da ake sakawa a farkon jimla a aji 4, kuma tun 2013 ƴan aji 6 ke rubuta jarrabawar nahawu da rubutun kalmomi. A tsarin Common Core na Amurka na 2010 kalmomin dangantaka na yau da kullum tun rabin aji ake fara su, bayanau kuma a aji 2.

Saɓanin masana

Wani rahoto da ya fito a Amurka a 1963 ƙarƙashin Richard Braddock ya ce koyar da nahawu shi kaɗai ba ya gyara rubutun ɗalibai, wasu kuma na ganin yana amfani idan aka haɗa shi da rubutun da yaro ke yi da kansa. Akwai kuma masana irin su Huddleston da Pullum da a 2002 suka ce kalmomi kamar down da outside kalmomin dangantaka ne ko da suna a bayansu ko babu, ra'ayin da Otto Jespersen ya riga ya kawo tun wajen 1924. Yawancin littattafan firamare dai har yanzu rabon gargajiya suke bi.