Tartan na 'yan badujalar algaitar Sikotland

Tartan sunan wani irin saƙi ne na ulu mai ratsi-ratsi, inda ratsin tsaye ke gitta na kwance har ya fitar da gida-gida masu launi daban-daban. Asalinsa dai kayan mutanen tsaunukan arewacin Sikotland ne, kuma da shi ake ɗinka kilt, wato ɗan zanen nan mai ninki a baya da mazansu ke ɗaurawa ya tsaya daidai gwiwa. A yau inda aka fi ganinsa shi ne jikin 'yan badujala masu busa algaita mai salka da masu ganga, ko na soja ko na 'yan sanda ko na farar hula, kowace ƙungiya da nata kamar anko.

Yadda ake saƙa shi

Kowane tartan yana da lissafin zarensa, misali baƙi kaza, shuɗi kaza, kore kaza, jerin da aka bi a zaren tsaye shi ake bi a na kwance. Wannan jeri da ke ta maimaituwa shi suke kira sett. Kilt ɗin babban mutum yakan ci yadi 8 ko kusa da haka.

Tarihi

Bayan an ci magoya bayan gidan sarautar Stuart da yaƙi a Culloden a 1746, majalisar Birtaniya ta yi dokar hana mazan tsaunukan saka kayansu na gargajiya, amma ta ware sojojin sarki, su dai an bar su, kuma sai a 1782 aka soke dokar. To a wannan tsakanin bariki ne ya riƙe tartan, shi yasa har gobe yawancin abin da 'yan badujala ke sakawa daga soja ya samo asali.

Uwar su duka ita ce tartan ɗin rundunar Black Watch, wadda aka haɗa ta zama runduna guda a 1739, mai duhu ce sosai, shuɗi da kore da baƙi, kuma gwamnati ta ɗauke ta a matsayin tata. Waye ya fara tsara ta kuma a wace shekara, wannan masana ba su daidaita ba. Abin da ya biyo baya shi ne sau da yawa sabuwar rundunar da aka kafa sai ta ɗauki wannan ta ƙara mata ɗan ratsi don a bambanta su, rundunar Gordon Highlanders da aka kafa a 1794 ta saka ratsin rawaya, ta Seaforth ta saka ja da fari wanda shi ne daga baya ya koma tartan ɗin zuriyar Mackenzie. Cameron Highlanders kam da Alan Cameron ya kafa a 1793 sun ƙi bin wannan layi, suka fito da nasu mai ja a ciki, ana cewa wai mahaifiyarsa ce ta tsara shi amma dai labarin baka ne. Yawancin yadin nan daga masaƙar William Wilson da 'ya'yansa da ke Bannockburn yake fitowa.

Su masu algaitar da can shugabannin runduna ne ke ɗaukar nauyinsu daga aljihunsu, sai a 1854 ne hukumar soja ta amince da su a hukumance a rundunonin tsaunuka, shugaban mabusa ɗaya da mabusa 5. Da yake kwamanda ke biya ai shi ke zaɓen kaya, daga nan ne aka saba ganin mabusa da tartan daban da na sauran sojojin. Shahararren misali shi ne Royal Stewart mai jan nan jawur, mabusan Black Watch shi suke sakawa alhali sauran rundunar na cikin mai duhu, haka ma mabusan rundunar Scots Guards.

Maganar cewa kowace zuriya tana da nata tartan tun zamanin kakanni kuwa, yawancin masu bincike na ganin abin bai wuce farkon ƙarni na 19 ba, musamman bayan ziyarar Sarki George na 4 zuwa Edinburgh a 1822. Akwai masu ja da hakan.

Canjin launi

Ko lissafin zare bai canza ba launi yakan canza. Da aka samu rinin kemikal daga 1856 launuka suka ƙara ƙarfi da duhu, irin waɗannan ake kira na zamani. A ƙarni na 20 kuma masaƙa suka fito da wasu masu haske da ake kira na da, wai don su yi kama da rinin itatuwa, sai kuma wasu koɗaɗɗu da aka yi su kamar yadin da ya daɗe a ƙasa. Abin dariyar shi ne waɗanda ake kira na da sun zo bayan na zamanin ne. Ƙungiya takan sauya daga wannan zuwa wancan ba tare da ta canza sunan tartan ɗinta ba.

Ninkin baya ma yana canza kama. A soja tela yakan daidaita ninkin yadda ratsi guda zai fito a kan kowane ninki, na farar hula kuma an fi yin yadda gida-gidan gaba za su sake fitowa a baya.

'Yan sanda da farar hula

Badujalar 'yan sandan Govan (gari ne da daga baya aka haɗe shi da birnin Glasgow) da aka kafa a 1883, wadda ta zama ta 'yan sandan Glasgow, an san ta da Royal Stewart. Ƙungiyoyin gari da na ma'aikatan haƙar kwal da yawa sun kwaikwayi soja, wasu kuma sunan wanda ya ba su kuɗin kaya suke bi.

Halin da ake ciki yanzu

Da aka haɗe rundunonin ƙasa na Sikotland suka zama ɗaya a 2006 an ba su tartan guda mai tushen Black Watch, amma mabusa da makaɗan kowace bataliya an bar su da na gado. Tun 2009 akwai rajistar tartan ta gwamnatin Sikotland, kuma ƙungiyoyi da dama yanzu nasu na kansu suke tsarawa su yi masa rajista, kamar ta jami'ar Simon Fraser da ke Kanada. A gasar duniya da ake yi a Glasgow duk watan Agusta yawanci an ajiye doguwar hular gashin jimina da mayafin kafaɗa saboda nauyi, an koma 'yar shara da nakatai da ƙaramar hula.

A wasu ƙasashe

Mabusan sojan Ayaland kilt mara ratsi suke sakawa, mai launi tsakanin rawaya da ruwan ƙasa. Na rundunar Royal Gurkha Rifles, wato 'yan Nepal da ke sojan Birtaniya, suna amfani da tartan ɗin Douglas, sannan garin Sialkot na Pakistan ya yi suna wajen ƙera algaitar da ɗinka kayan a farashi mai sauƙi. A Najeriya ma akan ga mabusa irin wannan algaita a faretin soja, gadon zamanin Turawa.