Wai laifin mace ne in ba ta haifi namiji ba?

Tun muna yara a Tawa muke jin ana cewa wance ba ta haihuwar maza, har a yi mata kishiya kan haka, abin na ci min rai. Ƙwan mace kullum kromozom (ɗan zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta) mai suna X gare shi, maniyyin miji ne ke zuwa da X ko Y, in X ya shiga sai ɗiya, in Y ne sai ɗa namiji, kuma shi ma mijin ba shi da zaɓi, ikon Allah ne. Wajen kaji da zabi kuwa abin ya juya, kaza kromozom ZW gare ta, zakara ZZ, ƙwan uwar ne ke zuwa da Z ko W. Ku duba littafin SVT (kimiyyar rayuwa da ƙasa) na ƴan lise ko ku tambayi ungozoma. Don Allah ku tura ma ƴan uwa.