Daga Gini zuwa Azhar a kan keke: yaya aka yi?

A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya ɗaura wa kekensa kaya ya nufi Masar shi kaɗai. 

Me ya kai shi hawa keke?

Karatu yake so a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, kuɗin jirgi kuma babu. Yana da shekara 25 a lokacin, da iyali. A watan Mayu ya sayi keke na hannu, ya ɗauki kayan sauyi da tocila da sukudireba, ya kama hanya.

Ta ina ya bi?

Mali, Burkina Faso, Togo, Benin, Nijar, sannan Chadi, kusan kilomita 4,000 cikin wata huɗu. Wannan gabas ɗin da ya dosa ba baƙuwar hanya ba ce ga Bahaushe. Ta Chadi da Sudan alhazan zamanin da suke bi a ƙasa, wasu su yi shekara da shekaru a hanya, wasu su zauna can gaba ɗaya, shi ya sa har yau ake jin Hausa a Sudan.

Anya mutum zai iya yin kilomita 100 a rana?

Zai iya, kuma an ce kusan hakan shi yake yi, ko da yake kilomita 4,000 cikin wata huɗu na nuna ba kullum ba ne. Mai taka feda a natse yana cin kamar kilomita 15 a awa, ka ga awa bakwai ke nan a kan sirdi. Yin haka yini guda ba abin mamaki ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne wayewar gari: cinya ta yi tsami, mazaunai sun ɗaye, ga rana, kuma dole a sake hawa. Keken ma yana da nasa kukan. Ƙaya ta huda taya a inda babu mai faci, sarƙa ta sha yashi ta fara zamewa, birki ya cinye. Wanda bai iya cire taya ya lalubo huda ya liƙe da kansa ba, gara ya zauna gida. Ruwa kuwa nauyi ne, amma shi ne kayan da ba a ragewa.

To me ya fi ba shi wuya?

Rashin tsaro, fiye da nisa. Ya ratsa Mali da Burkina Faso inda ake fama da masu tayar da ƙayar baya, inda baƙo shi kaɗai a kan keke abin zargi ne ga kowa. Sau uku jami'an tsaro suka tsare shi, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo, kafin su sake shi.

Da keken ya shiga Alƙahira?

A'a, kuma nan ne masu ba da labarin suke yawan tsallakewa. A Chadi ya tsaya, don yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya toshe gaba. Wani ɗan jarida ya yi hira da shi, labarin ya bazu a intanet, mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgi. Ranar 5 ga Satumba ya sauka a Alƙahira. A ganina wannan bai rage masa komai ba, don kutsawa yankin Darfur na yammacin Sudan a kan keke a wannan lokacin ganganci ne.

Ya samu karatun?

Ya samu. Azhar ta karɓe shi, ta kuma ɗauke masa kuɗin makaranta. Daga baya jarumin finafinan Amurka Will Smith ya ji labarinsa, ya kira shi ta bidiyo, ya aika masa sabon keke da kwamfuta.