Sankarar mama da kaluluwar hammata: yadda aka yi ta rage yanka

Duk macen da aka taɓa duba mata mama a asibiti ta san likita ba ya tsayawa nan, sai ya kai hannu hammata ya lalluba. Kaluluwa yake nema. Akwai su da yawa a hammata, kuma in sankara za ta bar mama galibi nan take fara yada zango, shi ya sa ake ƙirga nawa ta kama: 1 zuwa 3 mataki ɗaya ne, 4 zuwa 9 wani, daga 10 kuwa abin ya yi nisa. Sai dai hannu ba ido ba ne, za a iya shafawa a ji lafiya lau alhali cutar ta riga ta shiga, wani lokacin kuma a ji kumburi ashe ba ita ba ce.

Da can ba a ma wahalar da kai da hasashe. William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya wallafa salon tiyatarsa a 1894, a cire maman, a cire naman ƙirji, a kwashe hammata tas, don shi a ganinsa cutar daki-daki take tafiya, in ka tare gabanta ka gama da ita. Haka aka yi ta yi shekaru kusan tamanin, mata da yawa suka tsira da hannu a kumbure har ƙarshen rayuwa, ko tsintsiya ba sa iya riƙewa da kyau, kuma abin takaicin da yawansu in an kai naman ɗakin gwaji sai a tarar babu komai a kaluluwar.

Bernard Fisher, wani likitan tiyata a Amurka, shi ne ya girgiza wannan tunani, gwajin da ya jagoranta daga 1971 ya nuna yawan yanka bai ƙara wa matan tsawon rai ba. To in haka ne, wa za a kwashe wa hammata, wa za a ƙyale?

Amsar daga wata cutar ta zo. A 1977 Ramon Cabanas ya lura a sankarar mazakuta cewa akwai kaluluwa ta farko da ruwan ƙarin ke fara isa, kamar mai gadi a bakin ƙofa, in ita lafiya take to na bayanta ma galibi lafiya. Donald Morton ya gwada a sankarar fata a 1992 da allurar shuni, David Krag a 1993 da Armando Giuliano a 1994 suka kawo dabarar kan mama. A yi allura, a bi launin, a cire ɗaya ko biyu ko uku da suka rinu a duba. Kumburin hannu da ke samun kusan kashi 20 cikin 100 bayan kwashewa duka ya sauko kusan kashi 6. Ni dai nan nake ganin babban sauyin yake, sauran duk gyara ne a kansa.

Daga nan lissafi ya shigo. A 2003 asibitin Memorial Sloan Kettering a New York ya fitar da ma'auni, ka sa girman ƙari, irin tsananinsa, ko ya shiga jijiyoyi, nawa ne cikin masu gadin suka kamu, ya ba ka yiwuwar sauran ma sun kamu. A 2011 gwajin Z0011 ya nuna mai ƙaramin ƙari da aka bar mata mama za a yi mata gashi da hasken na'ura, ko da mai gadi ɗaya ko biyu sun kamu ba dole a kwashe sauran ba. A 2023 gwajin SOUND a Italiya ya ƙara gaba, ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, sikanin hammata bai nuna komai ba, ana iya barin hammatar ba a taɓa ta sam. Yanzu kuma kwamfuta ake koya wa karanta hotunan.

Amma fa duk wannan na wadda ta zo da wuri ne. A asibitocinmu galibin mata sai a mataki na uku ko na huɗu suke isowa, an sha jiƙo an shafa magani wata da watanni ana cewa daji ba ya son ƙarfe, hammatar ta yi tauri ana ganinta da ido tun kafin likita ya sa safar hannu.